Yadda ake gurasa da bandashe a Ingila ba tare da tanderu ba

Wanda ya tashi a Kano ya san gurasa ba a gida ake yin ta ba, aike ake yi. A miƙa wa yaro kuɗi ya sayo, ko a jira mai talla ta biyo ta layi. Masu yin ta a Jakara da Chediyar 'Yan Gurasa gadon sana'ar suka yi, kuma aikinsu na tanderu ne: a hura wutar kara a cikinsa sai ya ɗauki zafi sosai, a jiƙa hannu, a ɗebo kwaɓi a manna a jikinsa ta ciki, a rufe, kafin ka ce kwabo ta gasu an ɓamɓaro ta. Shi ya sa da yawan matan da ke zaune a Ingila ba su taɓa kwaɓa gurasa ba sai da suka zo nan, ranar da kwaɗayin bandashe, wato jiƙaƙƙiyar gurasa da garin ƙuli da mai, ya taso a tsakiyar Disamba, rana ta faɗi tun kafin ƙarfe huɗu, ga shi babu wanda za a aika.

Gwajin farko yawanci ƙarshensa ɗaya ne. Ko dai kwaɓin ya ƙi tashi, ko a fito da wani abu fari fat mai tauri kamar tafin takalmi, ko kuma ƙararrawar hayaƙi ta ɗauki kuka ta tara wa mutum maƙwabta. Sai a ce ai fulawar Turawa ce ba ta da kyau. Fulawa ba ta da laifi. Abu biyu ne suka canza: ɗakin da kwaɓin zai tashi ya fi na gida sanyi nesa ba kusa ba, wutar da za ta gasa shi kuma ba ta kama ƙafar ta tanderu ba. Idan kika shawo kan waɗannan biyun, sauran mai sauƙi ne. Da mata nake magana, amma malaman da suka zo karatu suka baro iyali a gida, ku ma ku matso, babu abin da ya fi ƙarfinku a nan.

Fulawa, yis da ruwa

A manyan kantuna irin su Tesco, Asda, Aldi da Lidl za ki tarar da fulawa iri uku a jere, yawanci a jakar takarda mai kilo ɗaya da rabi, kuma duk kamarsu ɗaya a ido. Ki karanta jikin jakar. Wadda aka rubuta "strong white bread flour" ita ce ta burodi, furotin ɗinta ya kai kashi 12 zuwa 13 cikin 100, shi ne ke ba kwaɓi danƙo ya riƙe iska. Wadda aka rubuta "plain flour" ba ta kai ta ƙarfi ba, ta cincin da kek ce. Ta ukun, "self-raising flour", an riga an zuba mata bakin hoda tun daga masana'anta, kuma ita ce ta fi yaudarar baƙo, domin sunanta na nuna kamar za ta taimaka wa kwaɓi ya tashi. Ki bar ta a inda kika gan ta. Gurasar da aka yi da ita cikinta na kek ne, tana marmashewa, ba ta jan nan da gurasa ke yi idan an yaga ta.

Ni na fi son a haɗa: kashi biyu ta burodi, kashi ɗaya ta cincin. Ta burodi zalla tana yi, sai dai gurasar kan ɗan yi tauna da yawa idan ta huce. Mai son gurasar alkama ta nufi shagunan 'yan Indiya da Pakistan ta sayi garin alkamar da suke yin chapati da shi, wanda suke kira atta. Kada a yi da shi zalla, zai yi nauyi. Giram 150 nasa a cikin giram 350 na farar fulawa ya isa, sai a ƙara ruwa babban cokali biyu, saboda dusar da ke ciki tana shan ruwa.

Yis ma iri-iri ne. Mafi sauƙi shi ne na ƙananan sacet masu giram 7, waɗanda aka rubuta "fast action" ko "easy bake" a jikinsu. Wannan kai tsaye ake zuba shi cikin fulawa. Na gwangwani mai manyan ƙwayoyi, wanda aka rubuta "dried active", sai an jiƙa shi a ruwan ɗumi da ɗan sukari na minti 10 zuwa 15, ya yi kumfa, sannan a zuba. Idan aka barbaɗa shi a busasshiyar fulawa za ki ga ƙwayoyinsa zaune a cikin kwaɓin ba su narke ba. Akwai kuma wani da ake sayarwa a sashen abincin masu gudun nama, "nutritional yeast": mataccen yis ne, don ɗanɗano ake cin sa, ko kwana zai yi ba zai ɗaga kwaɓi ba. Duk yis ɗin da kike shakkarsa, ko ya daɗe a buɗe a kabad, ki gwada rabin ƙaramin cokali a ruwan ɗumi da sukari kafin ki yi asarar fulawa. In bai yi kumfa cikin kwata ba, ya mutu. Gwangwanin da aka fasa kuwa firij ne wurinsa.

Sai ruwa. Na famfo a hunturu sanyi ne da shi kamar daga firij, yis ba ya motsi a cikinsa. Na butar lantarki kuma kashe shi yake yi, domin yis ba ya rayuwa idan zafi ya doshi digiri 60. Abin da yake so shi ne ɗumin jiki, tsakanin 35 da 40. Ba sai kin nemi ma'auni ba: ki haɗa kashi ɗaya na tafasasshen ruwa da kashi biyu na ruwan famfon sanyi, ki juya, ki tsoma yatsa. In kin ji ɗumi ba zafi ba, ya yi. Ki gama haɗa ruwan kafin ya taɓa yis. Kuma ki guji ɗiba daga famfon ruwan zafi, domin a tsofaffin gidaje daga tanki yake saukowa, ba ruwan sha ba ne.

Awo da kwaɓi

A gida da mudu da gwangwanin madara muke awo, hannu kuma ya san sauran. A nan hannun bai san fulawar ba tukuna, kofunan ma ba ɗaya ba ne: na Amurka mililita 240 ne, wanda ake sayarwa a nan yawanci 250, kuma kofi ɗaya na fulawa yana iya zama giram 120 ko 150, ya danganta da yadda aka danna shi. Ƙaramin sikelin kicin bai wuce fam goma ba. Ki saya, zai raba ki da yawancin rigimar.

Ga awon gurasa shida madaidaita: fulawa giram 500, yis sacet ɗaya, gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi, sukari babban cokali ɗaya, mai babban cokali ɗaya, ruwan ɗumi mililita 390, wato 130 na tafasasshe da 260 na sanyi. Mai son ta ɗan yi zaƙi ta ƙara sukari cokali ɗaya, amma ta sani yawan sukari na sa bayan gurasa ya ƙone kafin cikinta ya nuna. Wasu na fasa ƙwai, wasu na zuba madara. Ba haramun ba ne, sai dai abin da zai fito ya fi kusa da burodi.

Ki samu roba ko kwano babba, wanda zai ɗauki ninki ukun kwaɓin. Ki zuba fulawa da gishiri da sukari ki gauraya, ki zuba yis ki sake gaurayawa, sannan ruwa da mai. Ki juya da hannu ko muciya har busasshen gari ya ɓace. Abin da za ki gani zai ba ki tsoro: kwaɓi mai ruwa-ruwa, yana manne wa yatsu, ya fi na fanke kauri amma bai kusa kai na cincin ba. Haka ake so. A daidai nan ne akasarin gurasa ke lalacewa, domin hannu na ƙaiƙayin ƙara gari. A ƙara kaɗan, a sake ƙara kaɗan, har kwaɓin ya daina mannewa, a ji daɗi an gyara, alhali an riga an yanke wa gurasar hukuncin tauri. Ki rufe jakar fulawar ki mayar da ita kabad. Maganin mannewa ruwa ne a hannu, ba gari a kwano ba.

Daga nan hanya biyu ce. Mai ƙarfin dantse ta buga shi kamar yadda ake buga fanke, minti biyar zuwa bakwai, har ya yi santsi yana bin hannu yana dawowa. Wadda ba ta da wannan ƙarfin, ko maƙwabcin ƙasa ya cika ƙorafi, ta rufe kwanon ta bar shi minti 20. Sai ta jiƙa hannu, ta kamo gefe ɗaya na kwaɓin ta ja shi sama ta ninke shi a tsakiya, ta juya kwanon ta yi haka ta ɓangarori huɗu. Ta rufe, bayan wani minti 20 ta maimaita, har sau uku. A ninki na uku za ki ji ya canza a hannunki: ya haɗe jikinsa, ya yi sulɓi, yana tasowa daga kwanon gaba ɗaya maimakon ya tsinke.

Tashin kwaɓi

Duk bidiyon girkin da aka ɗauka a Kano ko Kaduna ko Damagaram zai ce a rufe a ajiye a rana na minti 40 ko awa ɗaya. Gaskiya suka faɗa, a garin da inuwa ma ta haura digiri 30. Kicin ɗin Ingila a hunturu yana tsakanin 17 da 20 ne idan an kunna hita, idan kuma hitar ta mutu da kanta bayan kowa ya fita aiki, ya sauka ƙasa da haka. A irin wannan ɗakin kwaɓin da zai tashi cikin awa ɗaya a gida sai ya ci awa biyu da rabi ko uku. Ba mutuwa ya yi ba, tafiyar hawainiya yake yi. Don haka ki daina kallon agogo, ki kalli kwaɓin.

Ki rufe kwanon da leda ko murfi, ba tawul kaɗai ba, domin iskar ɗakin da hita ke aiki busasshiya ce, za ta yi masa ɓawo a sama. Ki sa alama a jikin kwanon daidai inda kwaɓin ya tsaya, ko da ɗan salatif ne. Wuri mafi kyau, idan gidan na da shi, shi ne kabad ɗin da tankin ruwan zafi yake ciki, inda ake ajiye tawul da zanin gado. In babu, ki sa kwanon a cikin obin a kashe, ki ajiye wani kwano na tafasasshen ruwa a ƙasansa, ki rufe ƙofa. Kada ki kunna obin ɗin da sunan mafi ƙarancin wuta. Mafi ƙarancin nasa ma yakan kai digiri 50, gefen kwaɓin zai fara dahuwa tsakiya na nan da sanyi. Kuma ki manna takarda a jikin ƙofar ki rubuta cewa akwai kwaɓi a ciki. Gidan da ake raba kicin da wasu, ko mai gida ya dawo da yunwa ya murɗa obin don ɗumama abinci, ƙarshenta narkakkiyar roba ce a kan wayar obin da warin da zai kwana uku bai fita ba.

Kusa da hita ya yi, a kan kujera, amma ba a kanta ba. Bakin taga da kan teburin dutse kuwa sanyinsu ratsa kwano yake yi, ko da ɗakin da ɗumi.

Ya tashi idan ya ninka alamar da kika sa, samansa ya yi tudu da ƙananan ƙuraje na iska, kuma in kika girgiza kwanon yana rawa. Idan kika tarar ya hau ya faɗo, tsakiyarsa ta lotsa, yana wani wari mai hawa kai, ya wuce. Kada ki zubar. Ki ninke shi sau ɗaya, ki ba shi minti 20, ki gasa. Za ta ɗan yi tsami kuma ba za ta yi ja sosai ba, amma a bandashe babu mai ganewa.

Akwai hanyar da na fi ba mai aiki ko mai karatu shawara a kai, musamman da azumi, wanda a 'yan shekarun nan yake faɗowa cikin sanyi. Ki rage yis zuwa rabin sacet, ki kwaɓa da daddare, ki yi ninkin nan uku, ki rufe ki sa a firij. Zai tashi a hankali cikin awa 12 zuwa 18. Ki fito da shi awa ɗaya da rabi kafin gashi ya saki sanyi. Gurasar da aka yi haka ta fi ƙamshi, tana da ɗan tsamin nan na gurasar kasuwa, kwaɓin kuma ya fi sauƙin riƙewa. Sanyin da yake ba ki wahala, a nan shi ke yi miki aiki.

Idan ya tashi, ki shafa mai kaɗan a faranti babba, ki jiƙa hannu, ki gutsuro shi kashi shida, kowanne wajen giram 150. Ki tattara kowane curi a hankali ba tare da kin matse iskar ba, ki jera su da tazara, ki rufe, su huta minti 15 zuwa 20. A wannan lokacin ne za ki shirya wuta.

Gashi

Kafin komai: ki buɗe taga, ki kunna fankar zuƙe hayaƙi, ki rufe ƙofar kicin, ki goge tsohon maiƙo da ɓurɓushin da ke cikin obin, domin su ne ke hayaƙi, ba gurasar ba. Tun 2015 doka ta wajabta wa masu ba da haya a Ingila sanya ƙararrawar hayaƙi a kowane hawa na gida. Kada ki cire mata batir, kada ki ɗaure ta da leda. A masaukin ɗalibai kuwa, ƙararrawar haɗe take da ta ginin duka, in ta tashi kowa sai ya fito waje cikin sanyi. Kuma duk yadda kwaɗayin ƙamshin gawayi ya kai, kada a shigo da kurfoti cikin ɗaki. Gidajen nan a toshe suke ruf, gawayi kuma na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana barci.

Abin da tanderu ke yi shi ne ya bugi kwaɓi da zafi ta ƙasa da ta sama a lokaci ɗaya, ya gama da shi cikin 'yan mintuna kafin ruwan ciki ya ƙafe. Wadda ta sa gurasa a digiri 180 na minti 25 busar da ita ta yi, ba gashi ba. Lambar kek ce 180. Gurasa wuta mai ƙarfi take so, a gajeren lokaci.

Hanyar da ta fi kusa da tanderu ita ce kasko da wutar sama. A gida mata kan manna kwaɓi a kasko, in ƙasan ya kama su kifa kaskon a kan harshen gas. Wadda ke da murhun gas a nan tana iya yin hakan, in dai kaskon ba mai hana kamu ba ne kuma ba a shafa masa mai ba, in ba haka ba gurasar a kan wuta za ta faɗo. Amma gidajen haya da yawa murhun lantarki gare su, babu harshen da za a kifa a kai. Sai a yi amfani da wutar saman obin, wadda suke kira "grill", a Amurka da Kanada kuma "broil". Ki kunna ta a ƙarshen ƙarfinta minti goma kafin ki fara, ki sa wayar obin ta zama tazarar kamar faɗin tafin hannu daga wutar. Ki ɗora kaskon baƙin ƙarfe mai nauyi a kan murhu, wuta sama da matsakaiciya, minti biyar. Ki tabbata mariƙinsa ƙarfe ne. Na roba narkewa zai yi.

Ki jiƙa hannu biyu, ki ɗauki curi ɗaya, ki faɗaɗa shi tsakanin tafukanki, ki shimfiɗa a kaskon, ki ƙarasa baza shi da yatsu har ya kai faɗin ƙaramin faranti, kaurin yatsa ɗaya. Ban da abin murza fulawa, yana kashe iskar da kika yi awanni kina tarawa. Ki dannan yatsu a wurare biyar ko shida don kada ta kumbura ta zama jaka, ki barbaɗa riɗi in kina so. Cikin minti biyu zuwa uku za ki ga saman ya fara ƙuraje, gefen ya bushe, in kika ɗaga da cokali ƙasan ya yi ja. Sai ki ɗauki kaskon da tsumma mai kauri ki tura shi ƙarƙashin wutar sama. Minti biyu, wani lokaci uku. Kada ki matsa ko'ina, kada ki ɗauki waya. Tsakanin jan da ake so da baƙin da zai tashi ƙararrawa bai fi daƙiƙa talatin ba. Tabon ƙuna nan da can ba aibu ba ne, shi ne ma ɗanɗanon.

Wadda ke da baƙi, ko take son gasa uku a tashi ɗaya, ta yi da obin. Ki murɗa shi ƙarshe, 240 ko 250, lamba 9 a obin gas, 475 zuwa 500 a ma'aunin Amurka. Ki kifa tiren ƙarfe mafi nauyi da kike da shi a hawa na sama, ko dutsen gasa fiza in akwai, ki bar shi minti 30 zuwa 40. Fitilar da ke mutuwa bayan minti goma tana nuna iskar ciki ce ta yi zafi, ƙarfen bai yi ba tukuna. Idan obin ɗin na da zaɓi, ki kashe fanka ki bar wutar sama da ƙasa, saboda fanka na busar da fuskar gurasa. Ki baza kwaɓin a kan takardar gashi, ki zame ta kan tiren, ki rufe da sauri. Yawancin takardun nan an rubuta a kwalinsu iyakarsu digiri 220, don haka ki yanke ta daidai girman gurasar, bayan minti uku ki zare ta, kuma kada ta kusanci wutar "grill" ko kaɗan. Minti shida zuwa takwas gaba ɗaya. In fuskar ba ta yi ja ba, ki ba ta minti ɗaya a wutar sama maimakon ki ƙara mata zama. Kwanon gilashi ba na wannan aikin ba ne, yana iya fashewa.

Da ta fito ki yayyafa mata ruwa kaɗan da yatsu, ki naɗe a tawul mai tsabta, ki riƙa jera sauran a kanta. Tururin da suke yi wa juna shi ke sa su laushi. Wadda aka bari a fili a kan waya ɓawo za ta yi.

Ki yaga ta farko ki duba kafin ki ci gaba. In ƙasan ya ƙone ciki da danƙo, wutar murhu ta yi yawa ko ta yi kauri. In fara ce mai tauri, zafi bai isa ba. In cikin a cushe yake babu ramuka, ko tashi bai kai ba ko an ƙara gari.

Ƙuli-ƙuli

Ana samun ƙuli da yajin tsire a shagunan 'yan Afirka, a Peckham ta Landan da unguwanni irinta a Manchester da Birmingham, amma sau da yawa ya daɗe a hanya, man cikinsa ya fara wari. Ki shinshina kafin ki zuba. Masu zuwa daga gida kan riƙo shi da yaji, sai dai a tuna musu cewa doka ta hana shigowa da nama da kayan madara daga Najeriya ko Nijar, wato kilishi da dambun nama da man shanu, ko da ɗan tsaraba ne.

Yin sa a nan ba wuya, kuma riba biyu ne, domin man gyaɗar kanti an tace shi har ƙamshin ya tafi, wanda za ki matse da hannunki kuwa shi ne ran bandashe. Ki sayi markaɗaɗɗiyar gyaɗa ta kwalba, wadda aka rubuta gyaɗa ce 100 bisa 100, babu sukari babu wani mai. In akwai sukari ko manja a jerin kayan da ke jikin kwalbar, ba za ta ba da mai yadda ake so ba. Ko ki sayi ɗanyar gyaɗa a shagon Indiyawa, ki gasa a digiri 170 na minti 15 zuwa 20, ki murje ɓawon, ki markaɗa. Ki juye giram 500 a tukunya, ki ɗan ɗumama, ki riƙa zuba ruwan zafi babban cokali ɗaya-ɗaya kina juyawa da muciya. Da farko za ta yi kamar ta lalace, ta cure ta yi duhu. Ki ci gaba. Wajen cokali na huɗu ko na biyar za ki ga mai ya fara tsattsafowa yana taruwa a gefe. Ki dakata da ruwan, ki ci gaba da juyawa da dannawa, ki tsiyaye man, ki sa tunkuzar a tsumma mai tsabta ki matse iya ƙarfinki. Kusan rabin nauyin gyaɗa mai ne, ba za ki fitar da shi duka ba, amma gwargwadon matsar gwargwadon ƙarfin ƙulin.

Tunda dakawa za a yi, ba sai an tsaya yi masa siffa ba. Ki fyaɗa shi sirara-sirara, ki soya a man nasa da matsakaiciyar wuta har ya yi ja, ko ki gasa a digiri 150 na minti 20 zuwa 25 kina juyawa. Sai ya huce sarai ya yi ƙaras sannan a niƙa. A bilenda ki riƙa kunnawa kina kashewa. In kika bar ta tana ta gudu zafi zai fito da sauran man, garin ya koma tunkuza. Ki haɗa da barkono, citta, ɗan kanumfari da masoro, gishiri da dunƙulen magi.

Abu ɗaya da ba mu saba da shi ba a gida: a nan akwai mutane da yawa da gyaɗa ke yi wa mummunan lahani, har ta kai ga asibiti. In kina raba kicin da wasu ki tambaye su tukuna, ki wanke duk abin da kika taɓa, kuma kada ki sa wa yara bandashe a abincin makaranta, domin makarantu da yawa sun hana shiga da gyaɗa.

Haɗawa da ajiya

Ki soya yankakkiyar albasa kaɗan a man da kika matse, ya ɗauki ƙamshi. Ki zuba ruwan ɗumi da ɗan gishiri a faranti mai zurfi, ki tsoma gurasa ki cire nan take, gaba da baya; jiƙa ta ake so, ba wanka ba. Ki shimfiɗa a tire, ki barbaɗa garin ƙuli da hannu sake, ki zagaya da mai, ki ɗora wata ki maimaita. A sama albasa, tumatir, kokwamba, kabeji ga mai so, da attaruhu, wanda a nan za ki same shi da sunan "scotch bonnet". Ki rufe minti biyar ta sha, sannan ki yanka. In akwai balangu ko tsire daga mahaucin halal, to. In kuma da miya za a ci, taushe na yiwuwa da kabewar nan mai siffar gora da alayyahon kanti, a matsa lemon tsami a madadin yakuwa.

Ranar da babu lokacin kwaɓi, faffaɗan burodin Turkawa da ake gasawa a shagunansu, irin na titin Green Lanes a arewacin Landan, shi ya fi kusa da gurasa. Na Larabawa mai jaka ya cika siriri, yana narkewa da ya sha ruwa, na Indiyawa kuma sau da yawa da tafarnuwa da man shanu a jikinsa, suna faɗa da ƙuli.

Gurasar gida ba ta da maganin hana lalacewa. A leda a kan tebur kwana biyu ne, a gida mai danshi ta fara fumfuna a na uku. Kada ki sa ta a firij, yana sa ta tauri da wuri. Wadda ba za a ci ba ki bari ta huce, ki sa takarda tsakanin kowace biyu, ki ɗaure a leda ki jefa firiza, tana kai wata biyu lafiya. In za a ci, a yayyafa ruwa a ɗumama a kasko da murfi minti biyu kowane gefe. Wadda ta kwana ɗaya ta ɗan yi ƙarfi kuwa ki ware ta don bandashe, ta fi sabuwa shan ruwa da mai ba tare da ta dagargaje ba.